Sallahun Matar Duza

Tun ranar da takardar gayyata ta iso na daina zama wuri ɗaya. In na zauna a ɗakin gwajin jini sai in tuna ban duba fasfo ba, in na tashi na duba sai in ga ai ɗazu ma na duba shi. Maigidana ya gaji ya ce in aka ƙyale ni sai na cinye hoton da ido kafin ranar tafiya. Taron masana ne na kwana uku a ƙasar Holan, a kan gubar dalma da yadda take shiga jikin yara. Ni an ce in je in nuna yadda muke ɗibar jini a ƙauyuka mu kawo shi Anka ba tare da ƙurar niƙan dutse ta gurɓata shi ba. Kafin wannan ban taɓa wuce Abuja ba.

Inna kaɗai na gaya wa, a waya, tana can Gummi, kuma kuskurena ke nan. Kafin la'asar dangi har na Bukkuyum sun ji, sai sallahu ya fara zubowa. Ƙanwar Inna tana son man zafi na ciwon gwiwa. Wani ɗan'uwanmu da rabona da shi tun sunan ɗana na fari ya tuna yana da lambata, ya ce agogo. Maƙwabciyata ta auna ƙafarta da zare ta ƙulle ta ba ni, wai takalmi, kada in yi kuskuren lamba. Duk na ce to, don ba a ƙin sallahu, ko da mutum ya san jakarsa ba za ta ɗauka ba.

Ana jibi zan tashi wata mata ta shigo wurin aiki ta tsaya a bakin ƙofa har na sallami mutanen da ke gabana. Mutuniyar ƙauyen Duza ce, kuma na san ta tun lokacin da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. A lokacin ina sabuwar ma'aikaciya. Ni na ɗebi jinin 'yarta tana goye, ba ta cika shekara biyu ba, tana ta sanƙarewa. Injinmu ya kasa faɗin yawan gubar, ya nuna dai abin ya wuce iyakarsa. Yarinyar ta rayu, amma ba ta taɓa magana ba, kuma tana jan ƙafa ɗaya. Da zaman ƙauye ya gagari mutane suka dawo Anka, suna zaune a wani kango bayan kasuwa.

"Malama, an ce za ki tahi garin masu yin magani," in ji ta.

"Taro ne kawai, Yaya. Kwana uku."

"Ko yini guda na. Ga sallahuna." Ta kwance bakin zani ta ciro tsohon katin asibitin yarinyar, a naɗe cikin leda. "Ni ba takalmi nika so ba. Ki tambayo mani babbansu, wanda yaf fi su sani duka, ko akwai maganin da ka buɗe bakin ɗiyag ga. Likitocin nan sun ce babu, amma su ma ai aiko musu aka yi. Ke za ki inda aka yin shi."

Na san amsar. Duk wanda ya yi aikin da nake yi ya san abin da dalma ta ɓata a ƙwaƙwalwar yaro ba ya dawowa. Da na yi ta maza na faɗa mata a wurin da an wuce wurin. Sai na ji bakina ya ce, "To, in Allah ya yarda." Kuma in zan faɗi gaskiya, ni ma akwai wani lungu a zuciyata da ke cewa wa ya sani, ko sun gano wani abu da bai iso mana ba tukuna. Na sa katin cikin jakar hannu, tare da fasfo.

Hanyar Gusau na yi ta da addu'a a baki kamar kowa, ta Abuja kuma da ciwon baya. A jirgi ban runtsa ba. Maƙwabcina na kujera ya yi barci tun kafin mu tashi, har na ji haushinsa ba gaira ba dalili. Na ciro katin na karanta, na mayar, na sake cirowa. Rubutuna ne a shafin farko, na lokacin da nake zana haruffa a hankali don a ce sabuwar ma'aikaciya ta iya.

Garin da muka sauka ruwa ne ko'ina, ga kekuna kamar a kasuwar Gummi ranar ci, sai dai su ba su san a ba mutum hanya ba. Sau biyu wata tsohuwa ta kusa kwashe ni tsakanin otal da zauren taro, kuma ita ce ta harare ni. A zauren aka rataya mini kati a wuya aka ba ni jadawali. Ban duba sunana ba ma, na shiga neman babbansu. Ban sha wuya ba. Wata farfesa ce, dattijuwa, wadda ta yi rayuwarta kaf tana binciken abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yara, ita ce ma ta buɗe taron. 'Yar ƙarama ce, gashinta fari fat, da takalmin roba irin na masu gudu. Tana magana manyan mutane suna rubutu kamar 'yan firamare.

Da aka fita hutun shayi na bi layin masu gaishe ta. A can a tsaye ake shan shayi, a tsaye ake cin abinci, kowa da faranti a hannu yana zagayawa kamar an hana su zama. Da layi ya zo kaina na ɗan rusuna na gaishe ta, na tambayi gajiyar tafiya, na tambayi iyali, na faɗi daga inda na fito. Da ta ji Zamfara sai ta kama hannuna da hannu biyu ta ce ta karanta labarinmu da yawa. Sannan ta ce, "Me zan iya yi miki?"

Na ce, "Babu komai, ranki ya daɗe. Gaisuwa ce kawai na zo yi."

Ta yi murmushi ta yi godiya, ta juya ga wanda ke bayana. Na tsaya da kofi a hannu kamar wadda aka dasa. A wurinmu haka ake yi. Ba a zuwa wa babba da buƙata a ganin farko, sai a ce mutum ba shi da tarbiyya. Yau ka gaishe shi ka tafi, gobe ka dawo da ɗan abin hannu, shi da kansa zai ce, to, lafiya dai ko? In ka ce lafiya lau, ya sake tambaya, don ya san ba a taka ƙafa a banza. Ita wannan baiwar Allah na ce babu komai, ta ɗauka babu komai ɗin ne. Na ji haushinta, na ji haushin kaina, na rasa wanda ya fi.

Da azahar na shiga banɗaki yin alwala, na ɗaga ƙafa ke nan zan sa a wurin wanke hannu sai ƙofa ta buɗe. Wata doguwar mata ce baƙa, ta dube ni ta dubi ƙafar, ta fashe da dariya, ta tuɓe takalminta ita ma. Likita ce daga Senegal, su kuma tasu gubar daga fasa tsofaffin batiran mota take. Ita ta samo mana lungu a ɗakin rataye riguna muka yi salla, kuma daga nan ba mu rabu ba. Turancinta a karye, nawa a daddafe, amma mun yi hirar da ban yi da wasu 'yan'uwana na jini ba.

Rana ta biyu ni ce a gaban fosta, wato allon bayanin aikinmu, tun safe, ina nuna yadda muke wanke yatsan yaro sau uku kafin mu huda, da yadda muke fita da shi daga tsakar gida zuwa inda ba a niƙa. Mutane sun taru fiye da yadda na zata, suna tambaya suna ɗaukar hoto. Ya kamata in ji daɗi. Amma bakina yana bayani idona yana kan ƙofa, ina neman farin gashi. Wani ya yi mini tambaya sau biyu kafin na ji.

Da hutun shayi na ɗauki dabino da 'yar jakar fata da na sayo a Gusau na kai wa farfesa. Ta yi murna sosai, ta ɗanɗana dabinon a wurin, ta nuna wa na kusa da ita jakar. Ta sake cewa ko akwai abin da nake so. Hannuna yana kan katin, wallahi yana kansa. Amma ga maza huɗu sun kewaye ta suna jiran in kauce, kuma maganar 'yar mutane ce, ba a baje ta a tsakiyar taro kamar kayan gwanjo. Na ce Allah ya ƙara lafiya, na ja da baya. Aka kaɗa ƙararrawa kowa ya koma ciki.

Da yamma aka kwashe mu a jirgin ruwa mai rufin gilashi, aka zagaya da mu cikin gari ana ba mu abinci. A nan dai Allah ya taimake mu aka zauna. Teburinmu ni ce da ƙawata 'yar Senegal, da wani injiniya ɗan ƙasar Peru mai yawan dariya, da wani matashin Bature mai binciken ƙasa. Aka kawo cuku kala-kala da ɗanyen kifi da albasa. Na duba na duba, na ciro ƙullin yaji daga jaka. Injiniyan ya roƙa, na gargaɗe shi, bai ji ba. Ya zuba kamar gishiri, hawaye suka zubo masa, ya sha ruwa kofi biyu, sannan ya miƙo faranti a ƙara. Ya nuna mana hoton garinsu a waya, ramin haƙar ma'adinai ya cinye rabinsa, gidan uwarsa yana bakin ramin. Ya ce duk shekara yana zuwa irin wannan taro, duk shekara ramin yana ƙara faɗi, amma dai abincin bana ya fi na bara.

Matashin ya juyo gare ni ya ce shi abin da ya kasa ganewa, bayan duk yaran da suka mutu, me ya sa har yanzu wasu suke niƙa dutse kusa da gida. Cikin ladabi ya yi tambayar, amma ni dama a cike nake. Na ce masa in gonarsa tana inda ba ya iya zuwa, kuma yaransa sun kwana biyu da yunwa, zai gane ba sai an yi masa bayani ba. Fuskarsa ta yi ja, ya ba ni haƙuri, ni kuma kunya ta kama ni, don ba shi ya yi mini laifi ba. Wadda nake jin haushi tana can teburin gaba tana dariya da manya, ni ina jira ta aiko a kira ni, kamar ta san al'adar gidanmu.

Ƙawata ta lura idona ba ya barin teburin. Ta matsa mini, na ba ta labari, har na nuna mata katin. Ta riƙe baki.

"Sau biyu ta tambaye ki, kika ce babu komai?"

"Ai ban gama gaisuwa ba."

"'Yar'uwa, mu ma muna gaisuwa, mun ma fi ku. Amma nan in kika ce babu, sun rufe littafi. Tashi ki je yanzu."

Na ce ba a tayar da babba yana cin abinci, gobe da rana zan same ta ita kaɗai. Ta ce Allah ya shirye ni. Muka sauka daga jirgin rana ba ta ko faɗi ba, ga agogo yana cewa an wuce lokacin isha'in gida.

Rana ta uku ina zaune a zaure, wani yana bayanin yadda ake kankare gurɓatacciyar ƙasa, ba na jin ko kalma ɗaya, ina ta tsara yadda zan fara. Sai ga ƙawata ta shigo da sauri ta dafa kafaɗata. Ta ce ta ga farfesa a otal tana mayar da makulli, ba za ta tsaya rufe taro ba, tasi ma ta zo. Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun mutane ba. Na yi gudun da rabona da shi tun ina makarantar kwana, mayafi a hannu, masu keke suna ta buga mini ƙararrawa, ni ma ban ba su hanya ba.

Na same ta direba yana sa akwatinta a bayan mota. Ban yi sallama ba, ban rusuna ba, ban tambayi kwanan kowa ba. Na miƙa mata katin ina haki na ce, "Uwar yarinyar nan ce ta aiko ni. Tana tambaya ko akwai magani."

Ta dube ni, ta ce wa direban ya jira. Muka zauna a kan dakalin bakin otal. Ta sa tabarau ta karanta katin tun daga shafin farko har na ƙarshe, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta fara tambaya. Yarinyar tana ci da kanta? Tana juyowa in an kira ta? In tana son ruwa yaya take nuna wa uwarta? Me ke sa ta dariya? Na san sakamakon jininta na kowace shekara da ka, na san jijiyar da ta fi sauƙin samu a hannunta na hagu, amma ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ban san amsarsa ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ta rufe katin ta ce, "Babu magani. Babu a nan, babu a ko'ina, kuma ba na jin za a samu a rayuwata ko a taki. Ki gaya mata haka, kada ki sassauta. Ki kuma gaya mata babu wani abu da ke wani wuri wanda ta kasa kaiwa gare shi. Iyaye da yawa wannan tunanin ne ke cin su." Ta miƙo mini katin. "Tun shekaranjiya wannan ne a hannunki?"

Na ce e. Ta girgiza kai, ta ce da na faɗa tun ranar farko da mun samu awa guda mun zauna, ta koya mini abubuwan da ake yi wa irin waɗannan yara don su iya nuna abin da suke so. Ta rubuta mini adireshinta a bayan jadawali, ta shiga mota. Duka zaman bai wuce minti goma ba.

A jirgin dawowa na yi ta gyara magana. Na ce zan ce wa uwar yarinyar ana kan bincike. Ai ba ƙarya ba ce, kullum ana kan bincike. Na maimaita har ta zauna mini a baki. Da na iso gida na raba tsaraba, na aika man zafi Gummi, takalmin maƙwabciya ya yi mata daidai har tana yi wa zarenta kirari. Kwana huɗu ina kewaye bayan kasuwa, ina bin doguwar hanya zuwa aiki. Abinci ba ya mini daɗi, maigidana ya tambaya ko wani abu ya faru a can, na ce gajiya ce. A rana ta biyar na ga abin ba zai ƙare ba, na tashi daga aiki na nufi kangon.

Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Yarinyar, wadda yanzu ta kusa kai uwarta tsawo, tana zaune a tabarma tana tsince tsakuwa daga cikin wake, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa sanin tana iya wannan ba. Aka shimfiɗa mini buhu, aka kawo ruwa. Na ba uwar katin na ce na ga babbarsu, mace ce, ta karanta shi duka, kuma ta ce ana kan bincike.

Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Malama, ba wanga nit tura ki ba. Akwai ko babu?"

Na ce, "Babu, Yaya. Ta ce babu can, babu ko'ina. Ta ce in gaya miki babu wani magani da ke wani wuri wanda kika kasa kaiwa gare shi."

"Ita da bakinta tac ce haka?"

"Da bakinta."

Na zaci kuka za ta yi, har na fara haɗa kalmomin ba da haƙuri. Sai ta sauke numfashi ta ce shekara da shekaru in ta ga jirgi ya wuce sama sai ta ce a ranta ga shi can ana kai wa 'ya'yan wasu, ita talauci ya hana ta. Ta goge garin hannunta a zani, ta matsa kusa da yarinyar, ta kama haɓarta ta juyo da fuskarta, ta yi mata magana da muryar da ake yi wa kowane babban mutum.

"Kin jiya? Malama ta kai har can, ta tambayo. Sun ce babu. Ba ni nik kasa ba. Ni da ke na, har inda Allah yak kai mu."

Yarinyar ta dubi bakin uwarta har ta gama, sannan ta ɗora tafin hannunta a kan gwiwar uwar ta bar shi a nan. Na zauna a kan buhun nan har aka kira magariba, ban iya tashi ba.